Kwalin da Kowa Ya Yar

A birnin Tokyo akwai unguwar da ake kira Akihabara, wadda ta yi suna da kayan lantarki tun bayan yaƙin duniya na biyu. Masu tebur ne suka kafa kasuwar, suna sayar da kayan haɗa rediyo a bakin titi. Da hukuma ta tashe su a 1949 sai suka lallaɓa ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, kuma har yau akwai ƙananan rumfuna a wurin da ke sayar da waya da makunni da ƙwayayen fitila. Daga rediyo kasuwa ta koma talabijin da firji, daga nan kwamfuta, daga nan gem. Unguwa ce ta sabon yayi. Amma ɗaya daga cikin kantunan da baƙi suka fi tambaya a cikinta, yawancin kayan da ya tara sun girmi masu sayensu.

Sunan kantin Super Potato. Yana wani lungu a bayan babban titi, kuma ba a ƙasa yake ba, sai an hau matsattsiyar matakala zuwa hawa na uku. Tun kana matakala kunnenka zai riga ka isa, saboda kiɗan nan mai tsini na wasannin shekarun 1980 yana tashi daga tsofaffin talabijin masu ƙaton baya. Hawa na uku na kakanni ne. Na huɗu na waɗanda suka biyo bayansu, su PlayStation da Nintendo 64. Na biyar kuwa an jera manyan akwatunan wasa na jefa tsaba, ga alawa da lemon kwalba irin na yaran dā. Wuri ne matsattse. In mutum biyu suka haɗu tsakanin kantoci, sai ɗaya ya karkace.

Abin da zai fara tsone maka ido shi ne tarin Famicom, na'urar nan mai launin ja da fari wadda kamfanin Nintendo ya fitar a watan Yulin 1983 a kan yen 14,800. An goge kowace, an naɗe ta a leda, an gibga su kan juna. Ita ce aka sauya wa riga da suna aka kai Amurka a 1985, kuma tsakanin Japan da Amurka da sauran ƙasashe an sayar da kusan miliyan 62. A gefenta kaset-kaset ne birjik, ja da shuɗi da baƙi da ruwan ɗorawa. Wanda ya yi ƙuruciya a Kano ko Kaduna ko Maraɗi a shekarun 1990 zai tsaya cak, don ya san waɗannan abubuwa ko da bai taɓa jin sunan Famicom ba. Gem ɗin nan da ake jona wa talabijin, mai zuwa da bindigar roba ta harbin agwagi, da kaset ɗin da aka rubuta wa wasanni 9,999 alhali in ka natsu ka ƙirga 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa, kwaikwayon wannan na'ura ce, ƙirar Taiwan da Sin. Mu jabun muka sani. Ga ta ainihin a gabanka.

Amma ba begen yarinta ne ya sa na ɗauko zancen ba. Takardun farashi ne, don in ka iya karanta su, sun fi mai kanti surutu.

Ɗauki wasan Dragon Quest III. Ranar da ya fito, 10 ga Fabrairun 1988, layin masu saye ya yi tsawon da jaridu suka ɗauka, 'yan makaranta suka tsere daga aji har sai da 'yan sanda suka shiga tattara su. An sayar da fiye da miliyan uku a Japan kaɗai. Yau in ka same shi tsirara, ba kwali ba takarda, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Amma in yana cikin kwalinsa, kwalin bai yage ba, kusurwoyinsa ba su lotsa ba, rana ba ta koɗe masa launi ba, ɗan littafin bayani yana ciki, sai farashi ya ninka, wani lokacin ninkin ba ninki. Wasan da ke ciki ɗaya ne, ba a ƙara masa komai ba. Kwali ake biya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da aka sayo wa sabon gem ba shi da lokacin kwali. Burinsa ya farke ya jona. Kwalin na takarda ne, ya kwana biyu yana yawo a tsakar ɗaki, uwa ta zo shara ta haɗa da shi. Haka aka yi a kusan kowane gida. Kaset ɗin kowa ya riƙe shi gam, shi ya sa ya cika kasuwa ya yi araha. Abin da kowa ya ɗauka shara kuwa shi ne ya yi wuyar samu. Babu wanda ya zauna a 1988 ya yi lissafin cewa wannan 'yar takarda za ta fi abin da ke cikinta kuɗi. Waɗanda suka ajiye, hali ne kawai: mutanen da in sun gama da abu sukan mayar da shi inda suka ɗauko shi.

Haka nan abin da kasuwa ta ƙi a zamaninsa. A cikin akwatunan gilashi masu makulli za ka ga Virtual Boy, wata na'urar Nintendo da ake kafa wa ido kamar tabarau, ba ta nuna komai sai ja da baƙi. A 1995 ta fito, masu saye suka yi ta kukan ciwon kai, ba a sayar da ko 800,000 ba, cikin ƙanƙanin lokaci kamfanin ya janye ta. Yau ta fi Famicom ɗin da ta ciyar da kamfanin tsada. A Amurka ma an ga wanda ya fi wannan. Da kasuwar gem ta karye a 1983, kamfanin Atari ya kwashi ɗaruruwan dubban kaset da suka yi kwantai ya binne a juji a garin Alamogordo, aka zuba kankare a kai. Shekara 31 bayan haka, a Afrilun 2014, aka zo da motar haƙa aka tono kimanin 1,300, aka yi gwanjon mafi yawansu aka tashi da fiye da dala 100,000, ɗaya kuma ya tafi gidan tarihi na Smithsonian da ƙurar jujinsa.

Sai dai kar mai karatu ya ɗauka nasihar ita ce a sayi kaya a ɓoye don wata rana su yi tsada. Wannan hanyar ma an bi ta har ƙarshe, kuma ba ta yi kyan gani ba. A watan Yulin 2021, a wani gidan gwanjo da ke Dallas, aka sayar da kaset ɗin Zelda na farko a kan dala 870,000. Kwana biyu tsakani aka sayar da Super Mario 64 a kan dala miliyan 1.56. Dukansu a rufe suke da ledar kamfani, an saka su a akwatin roba mai tauri an liƙe, an manna musu maki. Shi Super Mario 64 ba wani abu ne mai wuya ba, an sayar da fiye da miliyan 11, kuma a Akihabara sai ka zaɓa ka darje. Ashe abin da aka saya da waɗannan maƙudan kuɗi shi ne shaidar cewa babu yaron da ya taɓa jin daɗinsa. Ranar da mai shi ya farke ledar don ya buga, ranar dukiyarsa ta narke. Ya zama kamar kwanukan jere na ɗakin amarya, kullum ana gogewa amma ba a taɓa zuba musu tuwo ba. Ba a jima ba kuwa farashin irin waɗannan ya rikito, aka shiga zargin juna har gaban alƙali. Wannan ba adana ba ne a wurina. Caca ce da ta ari rigar adana.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai yana can cikin masu araha. Juya kaset ka duba bayansa. Da yawa za ka ga rubutu da baƙin alƙalami mai kauri, a karkace, rubutun yaro: suna, wani lokacin har da aji. Yaran wancan zamani aro suke ba juna. Kaset ɗaya yakan kai wajen yen 5,000, ba kowane uba ke iya sayen wani kafin wata ya zagayo ba, don haka kaset yakan zaga unguwa daga gida zuwa gida, kuma sai an rubuta suna kafin a fita da shi don kar ya bi ruwa. A idon mai kanti wannan rubutu aibi ne, rage kuɗi yake yi. A idona kuwa shi ne hujjar cewa abin ya yi aikin da aka yi shi dominsa: an buga, an ara, an yi rigima a kansa, an dawo da shi ko an ci amana.

Akwai wani mai ƙera wasanni a Japan, Junji Seki, wanda ya shiga sayen irin waɗannan kaset da kowa ke gudu. Ya tara fiye da dubu, ya ɗauki hotunansu ya sa a intanet, don duk wanda ya gane sunansa da rubutun hannunsa ya zo ya karɓi abinsa. Sharuɗɗansa su ne shi zai miƙa da kansa hannu da hannu, mai kayan ne zai yanke abin da zai biya, sannan ya ba da labarin kaset ɗin. Tsakanin wannan bawan Allah da wanda ya biya dala miliyan ɗaya da rabi a kan leda, na san wanda ya fahimci abin da ke hannunsa.

To wa ke riƙe da ran waɗannan na'urori? Ba kamfani ba ne. A yi wa Nintendo adalci, ya yi ƙoƙari: bai daina ƙera Famicom ba sai 2003, shekara 20 ke nan, kuma ya ci gaba da karɓar gyara har 2007, lokacin da kayan gyara suka gagare shi samu. Daga nan ya tsame hannunsa. Tun daga lokacin, duk Famicom ɗin da ta kwanta ta sake tashi, wani ne ya zauna da sukundireba da dalma da auduga ya tashe ta.

Kuma kowace na'ura da irin ciwonta, masu gyara sun haddace. Na'urar faifai da aka yi wa Famicom a 1986 tana da ɗan bel na roba da ke juya faifan. In ya tsufa sai ya narke ya koma baƙin danƙo, sai an kankare an sa sabo. Game Gear ta kamfanin Sega kafasitocinta ne ke yoyo, murya ta fara ɗaukewa, sannan fuskar ta dushe. Super Famicom ta 1990 robar jikinta ce ke rinewa ta koma ruwan ƙasa, kuma sau da yawa sama ta rine ƙasa ta tsaya yadda take, ko akasin haka. Mafi ban tausayi shi ne ɗan batir mai faɗin kwabo da ke cikin wasu kaset, wanda shi ke riƙe da inda mai wasa ya tsaya. Yakan yi shekara da shekaru, har fiye da yadda masu ƙera shi suka zata, amma ranar da ya mutu, duk tafiyar da yaro ya yi wata da watanni yana yi ta shafe. Pokémon na 1999, wato Gold da Silver, sun fi saurin mutuwa saboda akwai agogo a cikinsu da ke shan batir dare da rana. Mai gyara zai sa sabo, kaset ya ci gaba da aiki, amma abin da ya tafi ya tafi. Shi ya sa wani lokaci mai saye kan kunna tsohon kaset ya tarar da ajiyar wani yana nan da ransa, da sunan da yaron ya raɗa wa gwarzonsa, sai ya rasa yadda zai yi: ya goge ya fara nasa, ko ya bari.

Sai kuma hura kaset da baki, al'adar da duniya ta yi tarayya a kanta daga Osaka har Sabon Gari. In hoto ya ƙi fitowa, a zare, a hura, a mayar, sai ga shi ya kawo, kowa ya yaba wa mai hurawa. Hurawar ba ta gyara komai. Zarewa da mayarwar ne ke sa haƙoran kaset su kama, danshin numfashi kuwa tsatsa yake haifarwa, kuma kamfanin da kansa ya yi gargaɗi a kai. Masu gyara na yau suna cin abinci da hurawar jiya.

Waɗanda suka san gari ma ba a Akihabara suke sayayya ba. Akwai jerin kantunan kayan hannu da ake kira Hard Off, waɗanda suka faro daga lardin Niigata suka bazu ko'ina a ƙasar. A kowanne akwai kusurwar da ake zube matattun kaya a cikin shuɗɗan kwanduna, ba lamuni, ba dawowa. Matasa kan sayi uku matattu su haɗa ɗaya mai rai. Abin lura a nan shi ne akwai inda mai tsohon kaya zai kai abinsa a duba lafiyarsa a biya shi gwargwadon yadda ya kula da shi. Gidajen Tokyo ƙanana ne, babu wurin jibge tarkace, amma mutum ya san in ya riƙe kwali da waya da takarda, ranar sayarwa za a ƙara masa. Kasuwa ce ta koya wa mutane adana, ba wa'azi kaɗai ba.

Me ya sa ma waɗannan na'urori suke gyaruwa? A nan dole a ambaci Gunpei Yokoi. An ɗauke shi aiki a Nintendo a 1965 don ya riƙa kula da injinan buga katin wasa, domin sana'ar kamfanin ke nan tun kafa shi a Kyoto a 1889. Daga nan ya zama mai ƙirƙira. Aƙidarsa ita ce kar a bi sabuwar fasaha mai tsada wadda ba a gama sanin halinta ba. A ɗauki wadda ta kwana biyu, ta yi araha, kowa ya san ciwonta da maganinta, a yi mata sabon amfani. Da wannan ya ƙera Game Boy a 1989. Fuskarta ba launi, ba fitila, sai kore-kore mai duhu, har wasu a cikin kamfanin suka raina ta. Abokan hamayya suka fito da masu launi da haske. Game Gear tana shanye batir shida cikin awa uku zuwa biyar. Game Boy batir huɗu take ci, ta yi ninkin wannan lokaci sau da yawa. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ita da ƙanwarta mai launi sun haura miliyan 118, ita kuwa Game Gear ta tsaya wajen miliyan 10. Akwai ma wata Game Boy da wuta ta babbake a barikin soja lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, jikinta ya narke ya yi baƙi, amma ta ci gaba da nuna wasan Tetris. Ta yi shekaru a ajiye a kantin kamfanin na New York mutane na kallo. Shi Yokoi ɗin ne kuma ya jagoranci Virtual Boy da ta faɗi, ya bar kamfanin a 1996, ya rasu a hatsarin mota a 1997. Gwani ma yakan yi tuntuɓe, kuma kantin ya ajiye nasararsa da faɗuwarsa a ɗaki ɗaya.

Ba na so in yi wa wurin ado fiye da kima. Da yawa daga cikin wasannin da ke rataye a bango ba su da wani kirki. An yi su a gurguje don a ci kasuwa, kuma tsufa bai gyara su ba. Jabun kaset sun shigo, sai mai ido ke ganewa. Kuma da darajar yen ta faɗi har dala ɗaya ta haura yen 160 a 2024, shekarar da baƙi kusan miliyan 37 suka shiga ƙasar, masu yawon buɗe ido da dillalai suka yi ta jidar kaya zuwa waje, farashi ya hau, kantoci suka fara rama. Ba a ƙera sabbi, don haka duk wanda ya fita ya fita ke nan.

Amma akwai abin da ya fi duk wannan, wanda mai shiga kantin ba zai gani a kan kanta ba. Saura ƙiris da irin wannan kasuwa ta zama haramtacciya. A ƙarshen shekarun 1990 manyan kamfanonin gem na Japan suka tashi haiƙan a kan masu sayar da na hannu. Suka riƙa buga tambarin hana sake sayarwa a jikin kwali, suka ce wasan bidiyo dangin fim ne, don haka ikon rarraba shi yana hannunsu ko bayan an saya. Aka yi ta shari'a a Tokyo da Osaka, har magana ta kai kotun ƙoli. Ranar 25 ga Afrilun 2002 kotun ta yanke cewa da zarar kamfani ya sayar da kwafi ya karɓi kuɗinsa, ikonsa a kan wannan kwafin ya ƙare; mai shi yana iya sayarwa. A kan wannan hukunci duk kantocin nan suke tsaye. Kaset ɗin da yaro ya rubuta wa suna nasa ne da gaske: ya ara, ya sayar, ya kyautar, ya bar wa ƙaninsa.

Abin da kamfanoni suka rasa a kotu, sun same shi ta intanet ba tare da shari'a ba. Yau yawancin wasanni sauke su ake yi. Ka biya, a buɗe maka, amma abin da ka biya izini ne, ba kaya ba. A watan Maris na 2023 Nintendo ya rufe kasuwarsa ta intanet ta na'urorin 3DS da Wii U, wasannin da a can kaɗai ake samunsu suka daina sayuwa. A ƙarshen Maris na 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe kwamfutocin da ke riƙe da wasan tseren mota The Crew, ya daina aiki ga kowa, har waɗanda ke riƙe da faifansa a hannu. Wannan ya harzuƙa mutane har fiye da miliyan ɗaya suka sa hannu a takardar koke ga Tarayyar Turai, jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2024 cewa dole mai sayarwa ya fito fili ya gaya wa mai saye cewa lasisi yake karɓa. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Abin mamaki, da yawa daga cikinsu masu kwafa ba bisa ƙa'ida ba ne suka hana su ɓacewa, kamar yadda masu jabun nan ne suka kawo mana Mario a lokacin da kamfaninsa bai san da zamanmu ba.

Ban ce sabuwar hanyar ba ta da alheri ba. Yaro a Gusau yana samun wasa a wayar yayansa ba tare da an sayi kaset ba, kuma babu abin hurawa. Amma a auna ta da ma'aunin da muka sani, wato rabon gado. In mutum ya rasu, malam zai zauna a lissafa gida da gona da babur da littattafai, har agogon hannu. Kaset ɗin 1988 zai shiga lissafi. Asusun intanet mai ɗauke da ɗaruruwan wasanni da aka biya kuɗinsu kuwa, ƙa'idar Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta, ta ce ba a mayar da shi ga wani. Kayan aro ba ya rufe katara. Nan da shekara 40, wanda ya so buɗe kantin wasannin yaran yau, me zai jera a kan kanta?

Mu kuwa namu ciwon daban ne. Wajen gyara babu wanda zai nuna mana; duk wanda ya ga abin da samari ke yi wa matattun wayoyi a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko yadda masu gidan gem suka riƙa raya PlayStation 2 shekara da shekaru ana buga ƙwallo a kanta, ya san hannu akwai shi. Amma muna gyara abu ne har ya ƙare, ranar da ya ƙare kuma sai 'yan gwangwan su ɗora shi a sikeli. Akwai uzuri, ban musa ba: zafi, ƙurar hunturu, damina, gara, ga talauci da ba ya barin mutum ya ajiye abin da zai iya zama kuɗin cefane. Sai dai uzurin bai dawo da abin da ya salwanta ba, kuma asarar ba ta tsaya kan gem ba. Ina kaset-kaset ɗin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da suka cika durowar iyayenmu, da bangonsu da hotunansu? Ina na tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya? Ina bugun farko na littattafan da matasan Kano suka riƙa bugawa da kuɗin aljihunsu a shekarun 1980 da 1990? Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafawa a farkon finafinan bidiyo na Kano, wane kanti za ka shiga ka ce a ba ka kaset ɗinsa a cikin kwalinsa? Muna cewa ai duk suna waya. Waya kuwa ana sacewa, memori yana mutuwa, kuma abin da aka ɗora a YouTube mai shafin ko kamfanin na iya sauke shi gobe ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Don haka, mai karatu, in akwai wani kwali a saman durowa ko ƙarƙashin gado a gidanku, mai tsohon gem ko kaset ko littafi ko hotuna, ka sauko da shi a wannan makon. Ka cire batir daga duk na'urar da ke ciki kafin ya yi yoyo ya cinye ta. Ka kakkaɓe ƙura da busasshen tsumma, kar ka hura. Ka naɗe a leda, ka ɗaga daga ƙasa, ka nisanta da rana da bango mai danshi. Abin da ke kwafuwa ka kwafa, amma kar ka yar da na ainihin. In ka san mai shi da shekarar da aka saya, ka rubuta a takarda ka saka ciki tun waɗanda suka sani suna raye. In kuma mai gwangwan ya yi sallama, ka ce masa wannan ba na sayarwa ba ne.